Geron da Aka So Kashewa da Karamci

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye ruwa a cikinta, ya ba tsuntsu fiffike, ya ba ƙudan zuma kaki, ya ba shuka saiwa. Ku matso kusa, ku gyara zama. Ni ne Nomau ɗan Hankurau, mutumin Tudun Ƙirya da ke bayan duwatsu bakwai, inda damina ke leƙowa ta juya tun ba a gama gaisawa ba. Zan ba ku labarin tafiyar da na yi da iri tafi ɗaya. In kun ji muryata tana tashi ina cikin magana, ku yi mini uzuri, don har yau abin yana ci mini rai.

A garinmu gero iri ɗaya ne ke yi, ɗan-tudu muke ce masa. Gajere ne, zangarniyarsa ba ta fi taƙi ba, amma shi ya riƙe kakanninmu. Da ruwan sama ya fara yi mana rowa, sai muka koma ban ruwa da guga daga tsohuwar rijiyar gari, ni kuma aka ɗora ni a kan gonar iri, wadda daga ita kowa ke samun abin shukawa. Ban yi ƙyuya ba, Allah shi ne shaida. Kullum da safe sai na zaga da ƙwarya na yayyafa wa kowane gindi, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Shuka ta tashi kore shar. Da rijiya ta ja baya kwana goma, sai in tarar da ita kwance. Shekara uku ana haka.

A ta ukun yayata Delu ta tare ni a bakin rijiya. Ta ce, "Nomau, kai ke kashe geron nan. Inna ba haka take yi ba. Sai ta shayar da shi ya ƙoshi, ta bar shi kwana bakwai ko takwas ba ta waiwaye shi ba."

Na ce, "Yaya, Inna tsufa ne ya hana ta ɗaukar ƙwarya kullum. Ke kuwa son jiki ne, kada ki mai da shi ilimi."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ɗauki tulunta ta tafi.

Abin da ya rage mana a duniya shi ne iri tafi ɗaya a cikin zabirar marigayiya Inna. In ya mutu, Tudun Ƙirya ta watse, don ba wani gero da ke jure tudunmu. Fatake sun sha ba mu labarin Birnin Tulu Dubu, inda aka ce shuka ba ta san ƙishi ba. Dattawa suka ce in je da irin in shuka shi can, in koyo sirrinsu, in dawo da ninki. Na rataya zabira a wuya na fita, ban yi wa Delu sallama ba.

Wata biyu ina tafiya. Na ratsa dajin da itatuwansa ke juya baya in sun ga baƙo, na haye kogin da ke gudu zuwa tudu duk ranar Laraba. Waɗannan ba su dame ni ba. Wanda ya kusa halaka ni shi ne Fakon Kanwa, fili fari fat, tafiyar yini uku. Ruwa ne kwance ko'ina har idon sawu, amma ciyawar da ke tsaye a cikinsa ta bushe ƙamas. Na ce wannan wace irin ƙasa ce, a tsaya cikin ruwa a mutu da ƙishi? Kafin azahar na samu amsa a jikina. Ƙafafuna suka yamutse, leɓena ya tsage. Ashe ruwan nan ba ya shiga jiki, shi ke zuƙe na jikin mai rai. Na zube a gindin wani ɗan tsiro, shi kaɗai ne kore a filin. Iska ta tone gefensa, sai na ga saiwarsa sanye da wani ɓawo mai santsi kamar kakin zuma. Ina da kaki da man kaɗe a jakata. Na narka su a rana, na shafe ƙafafuna har gwiwa, na shafe zabirar iri, da haka na fita da raina.

Birnin Tulu Dubu yana bakin wani kogi da ba ya ƙafewa. A ƙofar gari aka tarbe ni da ruwa. Na sha na gode. Aka ƙaro, na sha. A ƙwarya ta huɗu na ce na ƙoshi, sai masu gadi suka dubi juna kamar na zagi iyayensu. A garin nan ba abin kunya kamar a ce baƙo ya ji ƙishi, kuma a wurinsu duk abin da aka shuka baƙo ne.

Sai ga Barmo, Sarkin Tulu, wanda ban ruwan gari duka ke hannunsa. Mutum ne mai jiki, mai taushin murya, yana tafe ana yi masa fifita. Idonsa ya sauka a wuyana.

"Baƙonmu, me ke cikin zabirar nan?"

"Iri ne, ranka ya daɗe. Na ƙarshen garinmu."

"Wata biyu a cikin fata, ba ko ɗigon ruwa?" Wallahi har ƙwalla ya kawo. "Allah sarki, bayin Allah. Ku karɓe su."

Kafin in buɗe baki an tsinke igiyar. Na bi su ina roƙo a bar mini ko rabi ne. Barmo ya ce, "Wane mai gida ne zai sauki rabin baƙi ya bar rabi a ƙofa?" Aka shuka shi duka a lambun fada, rami arba'in, ko ƙwaya ba a rage mini ba, aka mayar mini da zabirar wayam.

Na haɗiye fushina, na ce ai ruwan ne ya kawo ni. Sai na ga irin nasu ban ruwan. Sau biyar a yini ake kwarara tuluna a kan fangali har ya zama tafki. Na leƙa gonakinsu, gero dogo sambal, ganye kamar me, amma iska kaɗan ta kwantar da shi, zangarniya kuwa ba ido. Da kifi da bado suke rayuwa. Na tambayi wani mai tulu me ke damun geronsu, ya ce ƙishi ne, da sau uku ake ba shi, shi ya sa aka mai da shi biyar. Ku ji fa. Wannan shi ne sirrin da na ratso Fakon Kanwa don in koya.

A kwana na tara ganyen ɗan-tudu ya fara rawaya, ya yi yaushi yana tsaye cikin taɓo. Barmo ya zo da jama'arsa, ya dafa ƙirji, ya ce, "Baƙinmu sun galabaita. A mai da shi sau bakwai."

Nan haƙurina ya ƙare. Na shiga fangali, na kama gindi ɗaya na tumɓuke, na ɗaga sama. Saiwar ba ta kai ɗan yatsa ba, ta yi baƙi, tana wari. Na ce, "Ranka ya daɗe, duba da idonka. Ruɓewa yake yi."

Mata suka rufe fuska da mayafi, maza suka juya baya, wani tsoho ya saki tulunsa ya fashe. Barmo, yana kallon bango, ya ce, "Ka tsiraita baƙo a gaban jama'a."

Ashe a garin nan saiwa tsiraicin shuka ce. Tun da aka kafa ganuwarsu ba wanda ya taɓa duban ta. Ko girbi za su yi, sai su yanke kara su bar gindi, su kau da kai ranar huɗa. Na ce musu mutanen banza ne masu kisa da murmushi, na ce tir da karamcin da ba ya tambayar baƙo abin da yake so, na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita a gaban manya ba. Aka ɗauke ni cak aka jefa a Ramin Marasa Kunya. Na faɗa a kan ƙafar hagu ta gurɗe.

Ramin ya kai tsayin mutum huɗu, faɗinsa kamar masussuka. Ina cikin tsine-tsine sai na ji an ce, "In ka gama, ka ja jikinka daga kan dawata."

Wata tsohuwa ce, siririya, idonta rangaɗau da kwalli. Sunanta Tasalla, manomiya ce ta bayan gari. Shekara tara da suka wuce ta tumɓuke dawa a kasuwa don ta nuna musu abin da na nuna musu. Kullum ana zuro mata abinci da tulu cike, don ko ɗan kurkuku ba a bari ya ji ƙishi. Daga ƙwayoyin da tsuntsaye ke yarwa ta yi ɗan lambu a inda rana ke sauka.

Na ba ta labarina tun daga bakin rijiya, ina jira ta taya ni zagin Barmo. Sai ta ce, "Ɗana, kai da Barmo ai sana'arku ɗaya. Shi da tulu, kai da ƙwarya."

Na ce, "Iya, da ba don furfurarki ba da na ba ki amsa."

Ta ce, "Riƙe amsarka, kawo idonka."

Kwallin nan daga wani baƙin dutse na bangon ramin take niƙa shi. Duk wanda ya sa, ƙwayar yashi sai ta zame masa kamar turmi. Ta sa mini. Tana da gindin dawa uku, kowanne ta binne kasko a gefensa. Ta zare na farko, sai ga saiwa a gabana kamar babbar hanya.

Ta nuna mini bayan tsinin saiwa, inda wani farin gashi ya fito fal, kowane sili ya kutsa tsakanin yashi yana lasar danshi. "Nan take sha," in ji ta. "Can sama inda ta tsufa, ka ga ta sa riga?" Na gani, irin ɓawon nan ne na tsiron Fakon Kanwa. Ta ce rigar tana hana abin da aka sha a ƙasa ya tsiyaye a hanya. Na ƙura ido ciki, sai na ga ruwa ba ya wucewa yadda ya ga dama. Akwai wata katanga zagaye da tsakiyar saiwa, an liƙe duk tsagunanta, dole ruwa ya bi ta wasu ƙananan ƙofofi. Da hantsi ƙofofin a buɗe suke, don ganye na kira daga sama. In ƙasa ta bushe ta fi saiwa ƙishi, ko kanwa ta yi yawa, sai ta rufe su don kada ƙasa ta zuƙe mata abin da ta tara. Sannan ta aika saƙo sama ta cikin kara, ganye ya tsuke bakunansa ya naɗe, ita kuma ta sa kai ƙasa neman danshi, ta fi fitar da rassa ta gefen da ta ji sanyi.

Wannan ita ce dawar da take shayarwa sosai ta bar ta mako guda, saiwarta ta nutse har ban ga ƙarshenta ba. Ta zare kasko na biyu, wadda take jiƙawa dare da rana. Ƙofofin duk a garƙame. Ta ce, "Saiwa numfashi take yi kamar ni da kai. In ruwa ya kori iska daga ƙasa, sai ta shaƙe ta rufe ƙofa. Ganye ya yi yaushi a sama, wawa ya ce ƙishi ne ya ƙaro tulu."

Na ce, "Barmo ke nan."

Ta zare na uku. Saiwa ce lafiyayya, fara tas, amma duk ta baje a sama-sama, ba ta wuce zurfin yatsa biyu ba. Ta ce, "Wannan yayyafi nake yi mata kowace safiya. Me zai kai ta ƙasa, abinci na zuwa bakin ƙofa? Ranar da na fasa kwana uku, sai ta kwanta. Wannan kuma wa ke nan?"

Na gane ni da ƙwaryata take nufi. Na ja ƙafata na koma can gefen rami, na yini a can.

Kwana goma ƙafata ta ɗauka kafin ta taku. Daga cikin ramin ina jin wucewar masu tulu zuwa lambun fada, ina ƙirgawa, sau bakwai kowace rana, kamar a kaina ake zubawa. A rana ta goma Iya Tasalla ta kai ni bangon gabas. Wata saiwar tsamiya ce ta sauko daga sama, kaurinta ya kai damtse, ta tsaya sama da kaina kaɗan. Ta ce lokacin da aka jefo ta, ɗan tsininta kawai ya leƙo can kusa da baki. Sai ta ɗaura karan dawa huɗu, ta sa tsumma a kai, kullum ta jiƙa bango ƙasa da tsinin kaɗan. Shekara tara tana janyo ta da ruwan da Barmo ke aiko mata. "Ta iso," in ji ta, "ni kuma hannuna ya riga ya tsufa."

Da rana ta take, gari ya kwanta hutun azahar, na taka tulu na kama saiwa na hau. A bakin ramin na tarar da igiyar zura abinci da tuluna jere. Na zura igiyar na jawo Iya Tasalla, ba ta fi damin kara nauyi ba.

Muka shiga lambun fada. Jama'a, ban san na iya kuka ba sai ranar. Rami talatin sun narke, sun zama baƙin taɓo mai wari. Sai can kusurwar bango, inda ƙasa ta ɗan yi tudu ruwa ke gangarewa, gindi tara suna tsaye. Muka haƙo su da ƙasarsu, muka jera cikin tuluna biyu. Iya Tasalla ta ja mayafi ta rufe fuska, ni na naɗa gammo har gira, muka ɗauka a ka. A garin nan ba a tsai da mai tulu, don laifi ne a jinkirta ruwan baƙo.

Muna isa ƙofar gari sai ga Barmo zaune a inuwa.

"Masu tulu, ina zuwa da tsakar rana?"

Iya Tasalla ta ce, "Wasu baƙi ne suka galabaita, ranka ya daɗe, za mu fitar da su wahala."

"Madalla da ku. Ku tsaya in sa albarka." Ya ɗebo ruwa a moɗa, ya miƙa hannu sama ya juye a cikin tuluna, a kan gerona. Na ciji leɓe har na ji gishirin jini. Ya sa masu gadi suka buɗe mana hanya.

Tafiyar yini biyu muka yi zuwa tsohuwar gonarta a kan jigawa. Muka dasa su, ta sa na shayar da su har ƙasa ta ƙoshi, sannan ta kife ƙwarya ta zauna a kai. Huɗu suka mutu a makon farko. A kwana na shida da rana tsaka na ga ganyen sauran biyar ya naɗe. Na lallaɓa da buta, ta make mini hannu da kara.

"Iya, mutuwa suke yi."

"Ƙofa suka rufe. Ka dawo da la'asar, in ba su buɗe ba ka zuba."

Da la'asar ganye ya warware. Haka muka yi ta yi, ni da ita da karan nan. Ranar da gero ya ɗauki ciki zai fitar da kai, ta tashi daga kan ƙwarya da kanta ta miƙo mini. Ta ce yanzu ne ba a yi masa rowa, don duk ƙofofinsa a buɗe suke, abin da ya sha a kwanakin nan shi ne idon zangarniya. Gindi biyar suka ba ni zangarniya goma sha bakwai. Na bar mata uku, na cika zabirar Inna har da ƙari a jaka. Na roƙe ta ta biyo ni, ta ce ba inda za ta, tana da dawar da za ta kai kasuwar Birnin Tulu Dubu da saiwarta.

Na iso Tudun Ƙirya bayan wata takwas. Rabin gidaje a rufe, sauran suna jira. Muka shuka da ruwan farko. Da damina ta juya kamar yadda ta saba, na shayar da gona ta ƙoshi, na kife ƙwarya na zauna a kai. A kwana na shida ganye ya naɗe, sai ga mutanen gari sun taho da butoci da ƙoruna, ruwan shansu ne suka rage don tausayi. Na tsaya a bakin gona da kara. Suka ce tafiya ta taɓa mini hankali, wani kawuna ya ce zai tsine mini. Ina ta bayanin ƙofofi da riga da numfashi, ba mai saurare, har aka fara ture ni.

Sai Delu ta ratso taro. Ta durƙusa a gefen wani gindi, ta tona da hannu a hankali, ta bi saiwa har gwiwar hannunta ta shige ƙasa ba ta kai ƙarshenta ba. Ta damƙo ƙasa daga can ta ɗaga, danshi ne a tafinta. Ta mai da ƙasa ta rufe. Mutane suka sauke ƙorunansu.

Na matsa kusa da ita, na ce, "Yaya, na ratsa Fakon Kanwa, an jefa ni rami, na gurɗe, rami talatin da biyar na irin Inna sun mutu a idona kafin in gane wannan."

Ta karkaɗe hannunta a zane. Ta ce, "Sannu da hanya. Ni a bakin rijiya na faɗa maka, taku ashirin daga nan."

Geron ya yi, gari bai watse ba. Ƙwaryar yayyafin nan tana nan rataye a zauren Delu, ta hana a yi aiki da ita, duk baƙon da ya tambaya sai ta ce ya je ya tambayi Nomau. Shi ya sa kuka ji labarin nan daga bakina, kuma ku sani ba da son raina na ba da shi ba.